Cin Rani da Filaya a Jaka: Daga Ƙauyukan Bichi Zuwa Maraɗi

Da zarar an ɗaure dawa, gero ya shiga rumbu, an gama roron wake, sai ƙauyukan da ke tsakanin Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Ɗambatta su fara sallamar samarinsu. Wanda ya san yankin ba zai yi mamaki ba. Gona manne take da gona, gida na hango gida, babu dajin da za a sara, babu saurar da za a bari ta huta, kuma duk rabon gado sai gonar ta ƙara tsukewa. Ƙasar tana ba da abinci ne saboda takin da ake kai mata a mangala da amalanke, amma abin da take bayarwa ba kasafai yake kai babban gida zuwa wata kaka ba. Shi ya sa cin rani ya zama gado. Iyaye sun yi ga-ruwa da dako da gadi a Kano, Ikko da Fatakwal. A 'yan shekarun nan an samu wani sabon ɗan cin rani, wanda jakarsa ke ɗauke da filaya, tasta, sukundireba, salatif da 'yar na'urar auna wuta, kuma wasu daga cikin irinsa arewa suke fuskanta, zuwa Maraɗi. Tafiyarsa nake so mu bi zango-zango, domin ita ce hujjata a kan magana guda: hanya buɗe take masa, harshe ɗaya ne, masauki na jiransa, amma takardar shaidar sana'arsa, in ma yana da ita, a bakin iyaka take mutuwa, alhali gyaran wannan matsala bai fi ƙarfin ƙasashen biyu ba.

Kafin a hau mota, a leƙa cikin jakar a ga abin da ke ƙarƙashin kayan aiki. Mafi yawan masu wayarin na yankin nan a hannun oga suka koya, a Kano ko a cikin garin Bichi, shekaru ana ɗaukar tsani, ana sassaƙar bango don binne fayif, ana jan waya, har ranar yaye. Abin da yaro ke fita da shi shi ne addu'a, 'yan kayan aiki, wani lokaci da takardar da ogan ya buga a shagon kwamfuta ya sa hannu. Takardun hukuma kuwa suna nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar sana'a mai hawa uku, daga aji na uku zuwa na ɗaya. Hukumar NABTEB tana ba da takardar kammala makarantar fasaha. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin NSQ, wanda ya yarda a auna abin da mutum ya koya a bakin aiki ko da bai taɓa zama a aji ba. Ga kuma NEMSA, da dokar 2015 ta ɗora wa alhakin tantance masu haɗa wuta a gine-gine. A Bichi ɗin kanta akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fannin fasaha. Duk da haka saurayi yakan tashi babu ko ɗaya daga ciki, kuma in ka tambaye shi sai ya ce: "Ai aikina shi ne shaidata." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, za mu ga inda take kai shi da inda take tsayawa.

Ya kamata a faɗi wani abu tun da wuri, saboda labarin yana yawo a wayoyin samari. A wasu ƙasashe akwai bizar da ake kira ta hutu da aiki, wadda ke ba matashi damar zuwa wata ƙasa ya yi shekara ɗaya ko biyu yana yawon buɗe ido yana aiki don ciyar da kansa. Ostireliya ta fara tata a 1975, kuma yarjejeniya ce tsakanin ƙasa da ƙasa. Najeriya ba ta cikin jerin, Nijar ma haka. Ingila ta taɓa buɗe irin wannan ƙofa ga matasan ƙasashen renonta, har da 'yan Najeriya, amma ta rufe ta a Nuwamban 2008, ta sauya da wani tsari da babu mu a ciki. Saboda haka duk dillalin da ya ce a sayar da gona zai samo wa ɗan Kunchi wannan biza, gonar yake so. Abin da muke da shi a madadinta shi ne cin rani, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, sai kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 babu biza.

Daga Bichi motar Katsina ake shiga, Golf ko Sharon, huɗu a baya biyu a gaba, jakar kayan aiki a kan cinya don ba a yarda a rabu da ita. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota ya zama abin da ake sayar da tiyoyin wake ko ɗan akuya kafin a haɗa. Titin, wanda aka daɗe ana aikin mayar da shi tagwaye, yana ratsa Tsanyawa, ya shiga Jihar Katsina ta wajen Yashe, ya wuce Kankiya da Charanchi. Idon mai sana'a ba ya kan karan dawa da aka jingine a gonaki, yana kan turakun wuta. Duk wannan yanki, Kano da Katsina da Jigawa, kamfanin KEDCO ne ke raba masa wuta, kuma ba a rasa ganin ƙauyen da turaku suka shiga amma taransifoma ta daɗe da yin shiru. A irin waɗannan ƙauyuka shagon cajin waya, rijiyar burtsatsen masallaci da firjin mai sayar da ƙanƙara duk sun koma sola. Nan samarin suka goge a harkar fanel, batir da inbata, kuma wannan ƙwarewa ce suke ɗauke da ita zuwa kasuwar da ke neman ta ruwa a jallo.

A Katsina ake sauya mota. Daga nan zuwa Jibiya tafiya ce gajera a ma'auni, doguwa a agogo, saboda yawan shingayen jami'ai da kuma fargabar 'yan bindiga da ta sa direbobi ba sa son yamma ta yi musu a hanya. Wanda ya dace da ranar Lahadi zai tarar da kasuwar Jibiya ta cika ta batse, naira da sefa suna hannu ɗaya. Iyakar tana gaba kaɗan, a Magama. Sha'anin hukuma ba ya ɗaukar dogon lokaci ga mai fasfo da katin allurar shawara: a duba, a buga hatimi, a wuce. Wannan ƙofa an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Nijar ta fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ɓangarorin biyu sun sanar cewa jama'a za su ci gaba da shige da fice babu biza. Abin lura shi ne babu jami'in da zai tambayi saurayin takardar sana'a a nan. Tambayar tana can gaba, a bakin da bai zata ba.

Daga Ɗan Isa, garin farko na ɓangaren Nijar, zuwa Maraɗi bai wuce tafiyar sa'a guda ba in hanya ta yi kyau. Ƙasar ta fi tamu rairayi, gero ya fi dawa yawa, gawo ya cika gonaki, jajayen awakin da aka san Maraɗi da su suna kiwo a ƙarƙashinsa. In ban da allunan Faransanci da kakin jandarma, ɗan Bichi zai rantse bai bar gida ba, domin nan ma mutane a cunkushe suke, nan ma gona ta yi wa magada kaɗan. Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa Jibiya ya shiga Nijar, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Garin kuwa sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa mulkinsu a cikinsa a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa, kuma Katsinanci ake ji a baki: hura, lahiya lau, mi kake so. Darasin farko da baƙo ke koya shi ne lissafi. Ba a ƙirga sefa da ɗaiɗai, da dala ake ƙirgawa, kowace dala sefa 5. In mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, ya ce dala arba'in, sefa 200 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce. Jika ɗaya kuma sefa 1,000. Jikar tasu dala 200 ce, kamar yadda jakarmu ta dattawa take naira 200, kuma wanda bai riƙe wannan ba zai yi cinikin aikin yini a kan kuɗin shayi.

Masauki shi ne inda Maraɗi ke nuna halinta. Ɗan cin rani ba ya neman otal. Sunan wani yake ɗauke da shi tun daga gida: wani Alhaji mai shagon kayan wuta da ke sari a Sabon Garin Kano, ko wani malami da ya yi almajiranci a ƙauyensu shekaru talatin da suka wuce, ko dangin matar kawunsa. Ya isa ya durƙusa ya ce: "Baba Alhaji, wane ne ya ce in gaishe ka," shi ke nan an buɗe masa zaure ko bayan shago, an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa da hura tun kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Tsohon tsarin fatoma ne na zamanin fatake, bai mutu ba: maigida yana ba da wurin kwana, yana nemo aiki, yana tsayawa in rigima ta taso, shi kuma baƙo yana sayen kaya a shagonsa, yana gyara masa wutar gida kyauta. In aiki ya samu, sau da yawa a kangon da ake wa wayarin ake kwana, tare da magina da masu fenti, wasunsu 'yan Togo da Binin. Abinci bai yi nisa da na gida ba: tuwon gero da miyar kuka, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, shinkafa da wake, balangu da dare. Abin da zai ba shi sha'awa shi ne dogon burodin nan na Faransa mai ɓawon ƙamas, da shayin da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, a sha zagaye uku ana hira. Hurar Maraɗi kuwa, a gaskiya, ta fi wadda ake damawa a tashoshin Kano gero da nono.

Batun farashi shi ne ya juya akalar tafiyar tun farko. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023 ta yi ta gangarawa. A 2014 jika ɗaya ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya zama naira 70,000 a Yulin 2024, na Nijar kuma sefa 42,000 tun Janairun shekarar, wanda a canjin lokacin ya kai wajen naira 100,000. Amma kada a ruɗu da wannan lissafi, domin wanda ke karɓar sefa da sefa yake cin abinci. Kwanon shinkafar da ɗan gari ke gani da sauƙi, in baƙo ya juya shi zuwa naira sai ya ji loma ta tsaya masa, ga kuma kayan waje sun ƙara tsada tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023. Ribar tana ga mai iya tsuke bakin aljihu, ya kwana a zaure, ya ci na gidan maigida, ya tara jikkuna ya aika gida ta hannun direba ko ɗan canji. A kasuwar Litinin da Juma'a zai ga waya, soket da ƙwan fitila waɗanda ya san shagon da aka saro su a Kano, an ɗora musu kuɗin hanya.

Yanzu a zo ga bango, inda sana'ar take. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne a ƙasashen biyu, amma tarbiyyar wayarin ta sha bamban, domin mu a hannun Ingila muka gada, su a hannun Faransa. Ɗan Bichi ya tashi ya ga jar waya ita ce mai wuta, baƙa ita ce nutural, kuma a layi uku ja da rawaya da shuɗiya duk masu wuta ne. A tsarin Faransa shuɗiya ita ce nutural, baƙa kuma tana iya zama mai wuta. Ka ɗauka ya buɗe akwatin rarraba wuta na wani gida a unguwar Zariya ta Maraɗi, ya ga baƙar waya, hannunsa ya tafi kanta bisa sabo bai sa tasta ba. Ko kuma ya yi wa gida wayarin da launukan Kano ya tafi, bayan shekara ɗan gari ya zo gyara ya ɗauki shuɗiyar a matsayin nutural. Rai ake magana a nan. Haka fulogi: namu mai ƙafa uku masu kusurwa yana da fis a cikinsa, nasu mai ƙafafu zagayayyu ba shi da shi, don haka kariyar kowane layi tana can a kan allo, kuma kaurin waya da girman bireka dole su dace da juna. Sannan a wajen NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, gida yana yin rajistar iyakar ƙarfin wutar da zai ja, in ya zarce sai ta yanke. Baƙon da bai san haka ba zai yini yana neman lahanin da babu shi. Sunaye ma sun sauya: wuta kuran ce, ƙwai ampul ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai gagari mai basira cikin mako biyu, in an samu mai koya masa. Matsalar ita ce babu wanda aka ɗora wa koyarwar, babu kuma wanda ke duba ko ya koya.

Aiki kuwa akwai shi. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, kuma kafin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa. Ta Maraɗi da Damagaram layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa ne ke kawo ta. Da aka yanke wutar a Agustan 2023, masu hali suka rungumi sola, kuma ba su sake ta ba bayan an maido. Saurayinmu zai samu gidaje, shaguna, masallatai da injinan ban-ruwa na lambu. Amma ranar da maigidansa ya ji labarin kwangilar wata makaranta, ko asibiti, ko wata ƙungiyar agaji da za ta kafa sola a rijiyoyi, ya kai shi, sai a ce: "Ina takardarka?" Abin da suke nufi shi ne CAP ko BEP, takardun sana'a na tsarin Faransa, irin waɗanda ake samu a makarantun sana'a na ƙasar. In ya miƙa takardar jarrabawar sana'a ta Najeriya, magatakarda zai juya ta gaba da baya, ba shi da wani jadawali da zai gaya masa daidai take da me. Ga kuma dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012, wadda ta ce sai hukumar samar da aiki ta amince da kwantiragin baƙo kafin a ɗauke shi. Ƙarshenta wani mai takarda ne zai karɓi kwangilar, ya ɗauki ɗan Bichi a matsayin yaron aiki, a biya shi kuɗin yini, sunansa bai fito ko'ina ba, in tsautsayi ya faɗa masa kuma babu wanda doka ta ɗora wa jinyarsa.

Za a ce, kuma dattawa masu hankali suna faɗa, cewa amana ta fi takarda. Shekaru ɗaruruwa Kano da Maraɗi suna ciniki da baki, kuma shaidar maigida ta fi hatimi ƙarfi, tunda hatimi ana sayensa, mutunci kuwa ba a saye. Na yarda da rabin wannan. Maigida ya san baƙonsa ba ɓarawo ba ne, ya san yana salla, ya san gidansu. Amma bai san ko ya binne sandar ƙasa yadda ya kamata ba, bai san ko ya sa waya siririya inda ake buƙatar mai kauri ba. Tela in ya ɓata ɗinki, ranar Salla za a gani. Mai wayarin in ya ɓata aiki, ɓarnar tana cikin bango an shafe ta da siminti, sai bayan shekara biyu ta fito da tsakar dare. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016, da ta babbar kasuwar Katsina a Maris na 2021, ya san abin da wuta ke yi wa dukiyar talaka, ya kuma san sau nawa ake ambaton lantarki in ana neman musabbabin gobarar kasuwa. Ban da haka, amana tana aiki ne iya inda idon maigida ya kai. Daga unguwarsa ta ƙare, mai sana'a ya koma baƙo, sai ya sake farawa daga tushe a Tasawa ko Damagaram.

Wasu kuma ta ɗaya gefen za su zo: Nijar tana da nata matasan da suka ƙare makarantun sana'a suna zaune, don me za ta buɗe wa baƙi ƙofa, balle ga bambancin tsari da aka ambata? Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma amsarsa ba ita ce a karɓi kowace takarda ido rufe ba. A duba yadda masu bizar hutu da aiki suke yi. Mai haɗa wuta ɗan Ingila da ya isa Ostireliya, harshensu ɗaya, asalin tsarinsu ɗaya, duk da haka ba shi da ikon taɓa wayarin gidan kowa sai hukumar tantance sana'o'i ta auna shi, an ba shi lasisin wucin gadi, ya yi karatun cike giɓi kan ƙa'idojin ƙasar, ya kuma yi aiki a ƙarƙashin mai cikakken lasisi. Da yawansu bizar takan ƙare kafin su kammala, sai su ɓuge da aikin yaron oga. To in Bature bai ɗauki jarrabawa a matsayin raini ba, mu ma bai kamata mu ɗauka ba. Bambancin kawai shi ne can akwai matakalar da za a hau, ko da doguwa ce; tsakanin Kano da Maraɗi babu ita sam. Kuma rashin matakalar bai kare ɗan Nijar daga gasa ba, domin baƙon yana nan yana aikin, a farashin da ya karya na mai takarda. Ɗan Maraɗi mai CAP da ya sauka Kano neman aiki a masana'antun Bompai ko Sharaɗa shi ma wannan bangon yake karo da shi.

Abin da nake ganin ya dace ƙarami ne. A zauna a rubuta jadawali guda da zai nuna matsayin jarrabawar sana'a da NSQ a gaban CAP da BEP. A shirya kwas na makonni kaɗan kan launin waya, haɗin ƙasa da kariyar layi na kowane ɓangare, a Maraɗi da Katsina da Bichi. A rufe da gwajin hannu, a ba mutum allo da waya da bireka a ce haɗa mu gani, kuma a yi tambayoyin da Hausa. Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a kundinta na Maris 2025, don haka babu hujjar kayar da gwani saboda bai iya Faransanci ba, ko saboda Ingilishinsa na firamare ne. Mai cewa siyasa ta lalace, ECOWAS da ta amince da yarjejeniyar daidaita takardun karatu tun 2003 ba ta da ta cewa a Yamai yanzu, sai a tuna masa da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, shekara huɗu kafin a haifi ECOWAS, kuma mazauninta a Yamai yake. Ƙasashen da suka iya ƙulla cinikin wuta ta layin Katsina, suka iya amincewa da layin dogo mai kilomita 284 daga Kano ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ba za su rasa yadda za su yarda da takardar wanda zai haɗa wutar tashoshin ba.

Akwai masu tsoron cewa in aka sauƙaƙa, gwanaye za su tsere su bar ƙauyukanmu. Wanda ya san ɗan cin rani ba zai ji wannan tsoro ba. Gonarsa tana nan, uwarsa tana nan, budurwar da yake tara wa kuɗin lefe tana nan. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas wajen ƙarshen Mayu, hankalinsa ya koma gida.

Komawar ta hanyar da aka zo ce. Zai yi sallama da maigida, a ba shi kilishi da dabino na tsaraba, a ce ya gaida su Malam. Zai canza ragowar sefarsa a Jibiya, ya sayi buhun takin zamani a Katsina in kuɗin sun kai, ya sauka a Bichi ya hau babur zuwa ƙauye. A watannin nan ya haɗa wutar gidaje, ya ɗora fanel a kan rufi, ya koyi tsari na biyu da hannunsa, amma babu layi ɗaya a rubuce da ya nuna haka. Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannunsa. Ya riƙa ɗaukar hoton kowane allo da ya haɗa, ya rubuta kwanan wata da unguwa a ɗan littafi, ya roƙi maigida da duk wanda ya yi wa babban aiki su ba shi wasiƙa mai hatimi da lambar waya. Irin wannan shaida ce masu tantancewa na NSQ ke nema wajen auna wanda ya koya a bakin aiki. Tsakanin noman farko da maimai akwai 'yan kwanakin da gona ke ɗaga wa mutum ƙafa, kuma daga Bichi zuwa ofishin ƙwadago na tarayya a Kano, inda ake rajistar jarrabawar sana'a, tafiyar safiya ɗaya ce.